Yara a kicin lokacin hutu: Abubuwan da ya kamata ka sani

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba, idan makarantun boko suka tafi dogon hutu, akwai ƙamshin da ke tashi a gidaje da yawa wanda ba a cika jinsa a sauran watanni ba: ƙamshin bota da sukari a kan wuta, wani lokacin kuma ƙaurin abin da ya kama. Yara masu shekara 13 zuwa 18 sun sami sarari, sun ga bidiyo a TikTok ko YouTube, sun roƙi kuɗin fulawa, sun shiga kicin. Iyaye kuwa wasu na murna, wasu na lissafin gas da ƙwan da ake fasawa.

A hutun bara ɗiyar yayana mai shekara 15 ta zo ta yi mako uku a gidana. Kwana biyu da zuwanta ta ce za ta yi mana kek. Ba ni da obin, sai ta zuba yashi a wata tsohuwar tukunya kamar yadda ta gani a waya. Da ta sauke, gefen kek ɗin ya yi kyau, tsakiyarsa kuwa ta lotsa kamar an danna ta da bayan ludayi. Ta tsaya riƙe da murfin, idonta ya ciko da hawaye.

"Gwaggo, wallahi duk abin da matar ta yi shi na yi."

Ba ƙarya ta yi ba. Ta kwaikwayi hannun matar daidai. Abin da bidiyon minti ɗaya bai gaya mata ba shi ne abin da ke faruwa a cikin kwaɓin, kuma a nan ne duk iyawar take.

Me ke sa kwaɓi ya tashi?

Iska ce. Burodi, fanke, waina, kek, duk abin da ka ga ya kumbura ya yi laushi, ƙananan ƙwayoyin iska ne suka cika cikinsa, zafi ya buɗa su, sannan ƙwai da garin suka daskare a kewayensu. Hanyar shigar da iskar ce ta bambanta.

Yis abu ne mai rai. A shekarun 1850 ne Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar cewa ƙananan halittu ne ke sa abu ya yi tsami ya kumbura. Yis yana cin sukarin da ke cikin kwaɓi, yana fitar da iskar kabon dayokzaid, shi ya sa yake son ɗumi da lokaci. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Selsiyos yana kashe shi, kuma wannan shi ne kuskuren farko na yawancin masu koyo: sai yarinya ta zuba ruwan da ya kusa tafasa don ta yi sauri, ta rufe kwaɓin ta yi ta jira, bai motsa ba. Ruwan da ake so shi ne wanda za ka bar yatsanka a ciki ba tare da ka ji zafi ba. Idan ana shakkar yis, a zuba kaɗan a ruwan ɗumi da ɗan sukari. Mai rai zai yi kumfa cikin minti goma.

Bekin soda ba shi da rai. Sinadari ne da ba ya aiki sai ya haɗu da abu mai tsami, kamar nono ko ruwan lemon tsami. Bekin hoda kuwa soda ce da aka riga aka haɗa ta da nata tsamin a bushe, da zarar ta jiƙe sai ta fara aiki. Wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, ya haɗa irinta a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. Sunayen biyu suna kama da juna, amma ba a musanya su cokali da cokali, domin soda ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ta yi yawa sai abin ya yi ɗanɗanon sabulu. Bekin hoda ma idan ta wuce ƙa'ida, kwaɓin zai yi tashin gaggawa kafin ya yi ƙarfin riƙe kansa, sai ya faɗa. Ƙaramin cokali ɗaya a shafe ya ishi kofi ɗaya na fulawa. Ɗiyar yayana cokali uku ta tula, a tunaninta yawansa shi ne kyansa.

Hanya ta uku ita ce bugu. Idan aka buga bota da sukari har suka yi fari suka yi sulɓi, ƙwayoyin sukarin ne ke yanka ƙananan ramukan iska a cikin botar. Wanda ya narkar da bota a wuta don ya huta da bugu ya zubar da wannan iskar tun kafin a fara.

Ilimin nan ba baƙo ba ne a gidajenmu

Abin da ke damuna shi ne yadda yara ke ɗaukar kek a matsayin ilimi, waina kuwa aikin tsofaffi. Duba abin da mai waina ke yi. Ta jiƙa shinkafa, ta kai niƙa, ta haɗa ƙullin da dafaffiyar shinkafa, ta rufe ya kwana. Da asuba ya tashi ya yi tsami. Sai ta ɗiga ruwan kanwa, ta juya, ta ɗanɗana, ta ɗora tanda. Kanwar nan da fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga dangin bekin soda ce, sinadaransu ɗaya ne a asali. Tana kashe tsami, kuma a haɗuwarsu iska na fita. Mai waina ba ta san sunan iskar ba, amma ta san idan kanwa ta yi yawa wainar za ta yi rawaya ta yi bauri.

Haka gurasar Kano da ake mannawa a jikin tanderu, haka funkaso, haka alkakin da ake barin kwaɓinsa ya yi tsami kafin a soya a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Dublan da nakiya da gireba da ake cika manyan robobi da su a kai gara, kowannensu yana da ƙa'idar awo da ta wuta, kuma a ka ake riƙe da ita. Masu wannan ilimin suna tsufa. Yarinyar da ke da kaka ko gwaggo mai iya alkaki tana da malamar da za ta kama hannunta ta ce "ƙara murzawa", abin da waya ba za ta taɓa yi mata ba. Hutu ne kawai lokacin da su biyun ke samun zama tare da rana.

Gwangwani ko sikeli?

Miya tana yafe kuskure. Idan gishiri ya yi kaɗan sai a ƙara, idan ta yi kauri a sa ruwa. Kek ba ya yafewa, domin da zarar ya shiga wuta an gama magana. Saboda haka awo shi ne rabin aikin.

Mu da gwangwanin madara da kofi muka saba awo, kuma ba laifi ba ne, amma a san iyakarsa. Kofi ɗaya na fulawa wajen giram 125 ne, kofin nan dai idan aka cika shi da sukari giram 200 ne. Fulawar da aka danna a gwangwani ta fi wadda aka tankaɗe aka zuba a hankali yawa sosai, ko da ido na ganinsu ɗaya. Ƙaramin sikelin kicin yana raba wannan gardama, kuma idan ana son yi wa yaro kyautar hutu, ban san abin da ya fi shi amfani ba. Da shi zai iya gwada tsohon tsarin da ba ya ba da kunya: bota, sukari, ƙwai da fulawa, kowanne nauyi ɗaya. Giram 250 na kowanne, wato ƙwai biyar matsakaita, da ƙaramin cokali biyu na bekin hoda.

Sai maganar juyi. A cikin alkama akwai wani sinadari da idan ya jiƙe aka murza shi yake zama danƙo, ana kiransa gulutin. Burodi da fanke suna son wannan danƙon, don shi ke riƙe iskar da yis ya fitar, shi ya sa ake bugun kwaɓin fanke har hannu ya gaji. Kek da cincin mai laushi ba sa son sa. Da an zuba fulawa a kwaɓin kek, a juya a hankali, da zarar farin garin ya ɓace a tsaya. Wanda ya ci gaba da bugu zai sami abu mai tauri kamar roba.

Gashi ba tare da obin ba

Yawancin kek a digiri 180 ake gasa shi. Gidajen da ke da obin mai nuna zafi ba su da yawa, masu obin na lantarki kuma ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar gashi. Tukunya da yashi dabara ce mai kyau idan an fahimce ta. Aikin yashin shi ne ya sha zafin wuta ya riƙa sakinsa a hankali, don kada gindin kek ya ƙone samansa bai nuna ba. A nemi tsohuwar tukunya mai kauri, domin gashi ba ruwa yana lalata tukunya. A zuba busasshen yashi mai tsabta, a rufe, a bar shi a wuta kamar minti 15 ya ɗauki zafi kafin a sa gwangwanin kek. Wuta kuma matsakaiciya zuwa ƙarama. Masu gawayi kan ɗora 'yan garwashi a kan murfi don sama ya yi ja.

Abu mafi wuya ga mai koyo shi ne haƙuri. A cikin minti 25 na farko kwaɓin yana tsaye ne da ƙarfin iska mai zafi kawai, bai daskare ba. Duk buɗe murfi, zafin na gudu, tsakiyar na zaunawa. Ɗiyar yayana ta amsa cewa sau uku ta leƙa. Kashegari muka sake, ta rage hodar, na karɓe murfin a hannunta na ce ta je ta wanke kwanuka. Da ƙamshi ya cika gidan ta soka tsinken sakace a tsakiya, ya fito a bushe. Ba ta yarda an yanka ba sai da ta ɗauki hoto ta tura wa mahaifiyarta.

Wuta: nan ne ba a sakaci

Fulawar da ta lalace ana sayen wata. Fatar da ta ƙone kuwa tabonta na iya bin mutum har tsufa, kuma a kan wannan ne nake roƙon kowane babba ya tsaya da kansa kafin ya sakar wa yaro kicin.

Fara da sutura. 'Yan matanmu kan shiga kicin da dogon hijabi ko mayafi mai yawo, kuma yawancin yadin nan na roba ne. Idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a jiki. A ɗaura ɗankwali tamau, a sa riga ta auduga mai ɗan gajeren hannu, a ajiye hijabin a ƙofa. A ajiye wayar ma a wuri ɗaya nesa da murhu. A juya mariƙin kasko ciki, a fitar da ƙanne daga kicin idan ana suya, domin yaro mai rarrafe ba ya sallama kafin ya zo ƙarƙashin ƙafa.

Gas ɗin girki ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru. A asalinsa ba shi da wari, da gangan ake saka masa sinadari mai wari don a farga. Wanda ya ji warin kada ya ƙyasta ashana, kada ya kunna ko ya kashe makunnin lantarki. Ya rufe kan tukunyar gas, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da kowa. Ana gane inda yake tsiyaya ta hanyar shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗarsa, inda ya yi kumfa nan ne. Ba a gwadawa da wuta.

Idan mai ya kama da wuta a kasko, hannu yakan kai ga bokitin ruwa kafin tunani ya zo, kuma wannan shi ne ke mayar da ƙaramar wuta gobara. Ruwa yana nutsewa ƙarƙashin mai, nan take ya zama tururi, girmansa ya ninka fiye da sau 1,500, ya watsa man da ke ci da wuta ko'ina. A kashe murhu, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi ya huce a inda yake. Kada a ɗauke shi a ce za a fita da shi waje. Wannan magana ce da ya kamata yaro ya ji ta sau da yawa har ta zauna masa, domin lokacin tsoro ba a tuna abin da aka ji sau ɗaya.

Gawayi kuma yana da nasa haɗarin a ɓoye. Idan ruwan sama ya sauko akan ja kurfoti cikin ɗaki a rufe ƙofa. Garwashi na fitar da iskar kabon monokzaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. A bar gawayi a inda iska ke ratsawa.

Idan ƙuna ta faru, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20. Ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko gishiri, ko toka, duk da cewa da yawanmu da haka muka taso, domin suna riƙe zafi kuma suna kai ƙwayoyin cuta cikin rauni. Kada a fasa bororo. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko ta hannu, ko ta ƙaramin yaro, asibiti ake kai ta.

Dogon hutu a damina yake faɗowa

Wannan na shafar kicin fiye da yadda ake zato. Laima na kashe ƙarfin bekin hoda, a gwada ta a ruwan zafi, idan ba ta yi kumfa ba ta mutu. Fulawa na yin gudaji da ƙwari, cincin ɗin da ya soyu garas-garas na yin laushi idan ba a bar shi ya huce sarai an rufe shi ruf ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar da ita, gubarta na cutar da hanta kuma suya ba ta kashe ta.

Damina ce kuma lokacin da kwalara ta fi yaɗuwa. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita kiyaye abinci a abubuwa biyar: tsabta, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, ajiya a zafi ko sanyin da ya dace, da amfani da ruwa da kayan abinci masu kyau. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa hukumar ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Samosa da duk abin da aka cusa wa nama ko ƙwai, da shinkafar da ta kwana, su ne suka fi saurin juyawa, musamman idan firji ya yini ba wuta. Lasar ɗanyen kwaɓi ma a daina, ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar salmonela. Kuma a koya wa yaro fasa kowane ƙwai a ƙaramin kwano daban kafin ya juye, don ruɓaɓɓe ɗaya kada ya ɓata bota da sukarin da aka sha wahalar bugawa.

Samari fa?

Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, masu aikin gidan burodi maza ne. Amma a gida sai a kori yaro daga kicin a ce ba wurinsa ba ne. Yaron nan zai tafi jami'a, zai tafi bautar ƙasa a garin da bai san kowa ba, wata rana matarsa za ta kwanta rashin lafiya. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. Ban ga hujjar da za a hana saurayi koyon dafa-duka da miyar kuka ba.

Idan aka fara cewa "nawa kike sayarwa?"

Ba a daɗewa. Hoto ɗaya a WhatsApp, sai wata maƙwabciya ta ce a yi mata cincin na suna. A nan yaro zai koyi darasin da aji ba ya bayarwa, idan an zauna da shi da biro da takarda. Yawancinsu fulawa da sukari kawai suke lissafawa, su manta da gas, da mai, da leda, da kuɗin motar zuwa Kasuwar Singa ko ta Sabon Gari a Kano. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka farashinta na bin dala, abin da kowa ya gani ƙarara bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023. Farashin da aka yanka a farkon hutu ba lallai ya kai ƙarshensa ba. A ware uwar kuɗi daban, riba daban, kuma 'yan uwa su biya kamar kowa, domin bashin dangi ne ke fara karya ƙaramar sana'a.

Iyaye su riƙe iyaka biyu. Ciniki daga gida, ta hannun babba, ba a ɗora wa yarinya tire ta shiga gari ba, ba kuma a bar baƙo yana kiran lambarta da sunan oda ba. Sannan idan aka koma makaranta karatu ne gaba. In har abin ya bunƙasa ya kai ga ɗaurawa da suna a kai shaguna, to sai da rajistar hukumar NAFDAC.

Tuwo kafin kek

Akwai yarinyar da za ta yi maka kek mai hawa biyu da kwalliya, amma ba ta taɓa yin talge ba, ba ta san lokacin da ake sa daddawa a miya ba. Ba laifinta ba ne, abin da ke jawo yabo a waya shi ta bi. Amma gida ba ya rayuwa a kan kayan zaƙi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kamar giram 50 ga babba, ƙaramin cokali 12. Yanka biyu na kek da kwalbar lemo ɗaya sun wuce haka. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: abin da ake son yarinya ko yaro su iya ranar da suka bar gida, yanzu ake koya musu shi, ba saura wata ɗaya biki ba.

Tsarin da na ga ya yi aiki a gidana mai sauƙi ne. Rana ɗaya a mako abincin dare na ɗiyar yayana ne tun daga cefane har wanke-wanke, rana ɗaya kuma ta gasa abin da ranta ke so. Tuwonta na farko ya yi gudaji, muka ci, na nuna mata inda ta yi gaggawar zuba gari. Na uku bai yi ba.

Iyaye, kafin hutun nan ya ƙare ku duba tiyon gas ɗinku, ku ware ɗan abin da za ku iya jure asararsa na fulawa da ƙwai, ku ɗauko kujera ku zauna a bakin kicin. Idan kek ɗin farko ya lotsa, kada ku yi faɗa, ku tambayi yaron sau nawa ya buɗe murfin.